Kular Inna a Hawa na Tara

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa daga sama, don inda nake yanzu sai na leƙa ta taga nake ganin ƙasa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ƙafar nan taki mai kumbura in kin wuni tsaye a asibiti. In mijina ya zo, ki ce masa ya ci gaba da motsa hannun da ya karye yadda kika koya masa, kada ya ce ya warke don ya iya ɗaga kofin shayi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ta faɗa bokitin wanki tun satin da na zo. Uwar ɗakina ta ce za ta kawo mini wata, yau wata biyu kenan tana kawowa. Matar da ke share matakala ita ke kai mini wasiƙa gidan waya, Allah ya saka mata. Tata wayar ba ta kiran nesa, na riga na gwada.

Aikin dai jinyar tsoho ɗaya ne, mahaifin uwar ɗakina. Shekararsa tamanin da biyu, gyaran agogo ya yi duk rayuwarsa, da ya rufe shago kuma sai ya kwaso shagon ya zuba a falo. Agogo goma sha bakwai na ƙirga, Yaya, kowanne da irin nasa tarin. Baba Mai Agogo nake ce masa. Kunnensa ya yi nauyi, haƙoransa huɗu, amma tambaye shi ƙarfe nawa ya sha magani shekaranjiya, zai gaya miki har da minti.

Muna hawa na tara. Lifta ta mutu tun kafin in zo. Baba ya kusa shekara bai taka ƙasa ba, ni kuma takardar da na sa wa hannu ta ce ba zan bar shi shi kaɗai ba ko na minti goma. Ɗaki biyu ne da falo, sai kicin da in na buɗe hannuwa nake taɓa bango biyu. Uwar ɗakina na zuwa Laraba da Asabar da cefane, tana haki, ba ta ko zama. Iyakar yawona bakin ƙofa, in miƙa shara in karɓi gaisuwa.

Abin da ya fi ba ni wuya gas ne. Tukunyar sai an ɗauko ta a kafaɗa har hawa tara, mai kawowa kuma sai an yi ta roƙonsa, don haka aka ja mini kunne in tattala. Nan na gode wa Allah da na taho da kular Inna, Allah ya jiƙanta, shuɗiyar nan mai karyayyen hannu da kika ce in bari za ta cika mini jaka. Baba ba ya iya tauna komai sai shinkafa mai laushi, kuma ba ya son abin da ya shiga firij, wai yana jin sanyin a dasashi ko an ɗumama. Sai in dafa babbar tukunya ran Litinin da Alhamis, in ɗibi na ranar, sauran in juye da zafinsa in rufe ruf yadda Inna ke yi, ba buɗewa ba sa cokali. Washegari da rana ki buɗe, da sauran ɗuminta. In turara ta kaɗan mu ci.

Ni dai lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kwanan nan zuciyata na yawan tashi, in yi amai, jiri ya kwashe ni, abinci ya fita raina, washegari kuma in tashi garau. Ina jin rashin iska ne. Baba ma cikinsa na damunsa, amma shi kin san tsufa.

Ki rubuto mini da yawa, ko labarin kajin maƙwabta ne.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Takardarki ta same mu lafiya, kwana tara ta yi a hanya. Ƙafa da sauƙi. Yara na gaishe ki, ƙaramar ta ce in tambaye ki ko tsuntsaye na shigowa ɗakinki. Mijinki ya zo, hannun na miƙewa, baki kuwa dama shi bai karye ba.

Yanzu ajiye mini zancen agogo. Ke yarinya, ni za ki yi wa ɓoye-ɓoye? Shekara goma sha tara ina aikin jinya, shida daga ciki a ɗakin awo. Mace ta bar gidan mijinta wata biyu da 'yan kwanaki, ta rubuto tana tashin zuciya, tana jiri, abinci ya fita ranta, sannan ta dube ni ta ce rashin iska ne. Rashin iska! Sau uku na karanta layin nan, na yi dariya har maigidan ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Juna biyu gare ki, Auta, ki faɗa ko kada ki faɗa. Shekara biyar muna roƙon Allah, ashe sai kin hau sama zai amsa. Ban gaya wa mijinki ba, wannan albishir naki ne, amma wallahi bakina ƙaiƙayi yake.

Ki saurara. Kada ki bar kanki da yunwa, ita ke ƙara tashin zuciya. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Tunda kular Inna na hannunki, duk sanda kika ji babu daɗi ki ɗibi cokali biyu uku. Kin ga ranar rashin jin maganata, da kin bar ta da yanzu kina wahala. Kada ki ɗaga tukunyar gas. Kada ki ɗaga tsohon nan ke kaɗai, ya kama bango, ai ba yau ya fara tafiya ba. Ki san yadda za ki yi da uwar ɗakinki ta bar ki ki je awo, ko da hawa casa'in ne.

Shi kuma Baba ki riƙa ba shi ruwan ɗumi, cikin tsofaffi haka yake, yau lafiya gobe rigima.

Na fara duba yadin zannuwan goyo. Kada ki ce komai, ba shawararki na nema ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Ni ba lafiya ba, Baba ma ba lafiya ba, don haka gaisuwar yau gajera ce.

Takardarki ta yi sati biyu ƙarƙashin katifata ban amsa ba. Ba ni da komai, Yaya. Al'adata ta zo ran da takardarki ta iso, kamar tare aka aiko su. Kin fi kowa sanin abin da wannan maganar ke yi mini, amma kika yi dariya har maigidanki ya leƙo. Na yi kuka a kicin, inda ko wurin zama a yi kukan babu. Kuma in juna biyu ne, to ki sayi zanin goyo kashi biyu, don ni da Baba Mai Agogo rana ɗaya muke amai. Na rubuta miki cikinsa na damunsa, kika tsallake.

Ran Juma'ar da ta wuce na ga tashin hankali. Mun ci abincin rana lafiya, har yana ba ni labarin wani agogon tashar jirgi da ya taɓa gyarawa. Kafin la'asar ya fara amai, sau biyar, daga baya zawo ya biyo. Ni ma cikina na murɗawa, sai in riƙe masa kai in juya in yi nawa a bokiti. A banɗaki ƙafafunsa suka saki. Leɓɓansa suka bushe, idonsa ya faɗa, ya fara kira na da sunan matarsa da ta rasu. Ba waya, ba lifta, ba halin barinsa. Na buɗe ƙofa na yi ta buga murfin tukunya a ƙarfen matakala har mai shara ta hauro ta kira uwar ɗakina. Maza huɗu suka sauke shi a kan kujera. Ni aka bar ni da agoguna.

Kwana biyu ya yi ana ƙara masa ruwa. Likita ya tambayi me yake ci, uwar ɗakina ta ce abincin gida zalla, ko biskit ba ya shigowa daga waje. Sai aka ce wataƙila hanji ne ya tsufa. Ban gaya mata ni ma ina yi ba. Na ji tsoro ta ce ta ɗauko mai jinya mai neman jinya, ta sallame ni, ga mijina a zaune.

Ga babbar maganar. Uwar ɗakina ta sa sunansa a gidan tsofaffi, an ce ɗaki zai samu nan da wata uku. Jaka ɗaya ake yarda mutum ya shiga da ita, agogo kuma ɗaya, shi ma marar ƙararrawa. A gabansa ta faɗa mini, tana ganin ba ya ji. Da ta fita sai ya ce, "'Yata, na ji ta sarai. Wannan hawan da aka yi da ni shi ne na ƙarshe. In aka sake sauke ni, ba na dawowa." Ya juya ya ci gaba da gyaran agogon tebur.

Ke ce ma'aikaciyar jinya. Ki sake karanta takardata ta farko, wannan karon da idon aiki.

Auta

*

Auta ƙanwata,

Muna lafiya, amma ban ci abincin kirki ba tun da takardarki ta zo. Ki yafe mini. Abin da nake so na gani a takardarki, ba abin da kika rubuta ba. Da ɗaliba ce ta yi haka a gabana, da na wanke ta tas. Na mayar da yadin.

Mutum biyu a gida ɗaya, amai rana ɗaya, su warke rana ɗaya, wannan ba tsufa ba ne, ba rashin iska ba ne. Wani abu kuke ci ko kuke sha tare. Gubar abinci kenan, kuma ba sai wani ya zuba komai ba, abinci da kansa yake juyawa. Ke jikinki na iya ɗauka, shi nasa ba zai ɗauki da yawa ba, don abin da ke kashe tsoho a irin wannan ƙarewar ruwan jiki ne.

In ya sake farawa kada ki jira. Ki tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, ki zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, ba mai tozo ba, da gishiri rabin cokalin. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Ki riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In ya amayar, ki dakata minti goma ki ci gaba da cokali, kada ki ce ai fitowa yake ki daina. Wanda ya kwana ya wuni ki zubar ki haɗa sabo. Kada ki ba shi maganin tsayar da zawo, kada kuma ki tono ragowar kafso a durowa, na san halinki da ragowa. Ke ma ki sha, ba ƙarfe ba ce ke.

Amma ki buɗe ido. In kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko ko kurɓi ɗaya ya ƙi zama, ko ya sake ruɗewa yana kiran matattu, to ba aikinki ba ne kuma. Ki ɗauki murfin tukunyarki ki buga har ginin ya taru.

Sai neman mai laifi. Ruwan da kuke sha daga tanki yake? Ki tafasa duka. Ki ajiye ƙwai da madara da kaza na sati biyu. Ki duba ko firij ɗin na sanyi da gaske, ko ƙara kawai yake yi. Ki wanke hannu da sabulu duk sanda kika gama da shi a banɗaki, ki raba wuƙar nama da ta kayan lambu. Sannan ki samu takarda ki riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakinku da lokacinsa, da lokacin da ciwon ya fara. Allah ya haɗa ki da mutumin da bai san komai ba sai lokaci, ki sa shi aiki.

Ki amsa da wuri, ko layi biyu ne. In kina fushi ki rubuto fushin, zan karanta.

Yayarki

*

Yaya,

Na huce, ki ci abinci. Ina gaida kowa da kowa.

Ruwan gishirinki ya yi aiki. Sau uku abin ya dawo tun zuwan takardarki, ba a sauke Baba ko sau ɗaya ba. Ya raɗa masa suna, wai hawayen yayarki. Yana sha yana yamutsa fuska yana cewa macen da ta ƙirƙiro wannan ba ta son mutane. Amma ya rame, Yaya. Agogon hannunsa yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Uwar ɗakina ta gani, ta kawo jakar da za a zuba masa kaya ta jingine a bayan ƙofa. Duk wanda zai shiga banɗaki sai ya wuce ta.

Na yi duk abin da kika ce. Ruwa na tafasa har na wanke baki, ƙwai da madara da kaza ko ƙofa ba su shigo ba, firij kuma yana sanyi, na sa kofin ruwa a sama ya daskare. Hannuna har ya fara saɓa don sabulu. Duk da haka abin bai fasa ba.

Rubutun kuwa Baba ya ƙwace mini, ya ce mace mai cewa "wajen azahar" ba ta isa ta riƙe lokaci ba. Ya ɗauko tsohon littafin shagonsa ya ja layi. Ga abin da ya fito. Talata mun ci ƙarfe ɗaya saura ashirin, shi ya fara uku da minti biyar, ni huɗu saura kwata. Juma'a mun ci ɗaya da minti goma, shi uku da rabi, ni bayansa kaɗan. Talatar da ta biyo, haka. Ya koma baya da ƙwaƙwalwarsa har ran da aka kai shi asibiti, ya ce duk Talata ne ko Juma'a, bai taɓa yi ran Lahadi ba. Juma'a ɗaya ce muka tsira, satin da gas ya ƙare mana ran Alhamis da safe, muka yi kwana biyu a kan burodi da ruwan zafin da mai shara ke hauro mana da shi. Baba ya ce ashe yunwa ce maganinmu.

Ni kaina ya kulle. Shinkafa ce kaɗai ba mu daina ba, ita kuwa kin san ba ruwanta. Kullum sai na shinshina kafin in zuba, ba tsami, ba yauƙi, fara tas, kuma ina ɗumama ta har tururi ya tashi. Yadda Inna ta koya mana, ban rage ko ɗaya ba.

Saura sati bakwai a kai shi gidan tsofaffi. Wani lokaci in tsaya a taga in ƙirga masu wucewa, in ji kamar in bi su da ƙafa ko ina za su. Sai agogo ya buga in tuna lokacin magani ya yi.

Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Ki zauna kafin ki karanta, in kin samu wurin zama.

A ɗakin hutunmu na asibiti na buɗe takardarki, abincina a gabana cikin tawa kular. Na karanta Talata da Juma'a, na koma takardarki ta farko na ga Litinin da Alhamis, na ga satin da gas ya ƙare. Sai na dubi kular da ke gabana. Na lissafa miki ruwa da ƙwai da wuƙa, ban ambaci shinkafa ba, don ko a mafarki ban taɓa sa kular Inna cikin masu laifi ba. Har cewa na yi ki ƙara ɗiba.

Ita ce, Auta. Akwai ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, tafasa ba ta gamawa da ita. In an ci da zafi ba komai. Amma in shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, sai ƙwayar ta farka ta yaɗu ta zuba dafi a ciki. Dafin ba shi da wari, ba ya canza kala, kuma ɗumamawa ba ta karya shi, ko tururi ya kai rufi. Awa ɗaya zuwa biyar bayan ci sai amai. Na karanta wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, na dawo gida na ci gaba da rufe kula ruf.

Kin tuna cikin gidanmu? Inna na cewa mun gaji raunin ciki daga dangin babanmu. Ki tuna da kyau yaushe yake tashi. Duk sanda aka ba ta dogon aiki a masana'anta ta cika mana kula ta tafi, washegari ni da ke muna layin banɗaki. Ba gado ba ne. Ban ga laifinta ba, abin da ta sani kenan, kuma don kada mu zauna da yunwa ta yi. Amma na yi kuka a gaban abokan aiki, suka ɗauka rasuwa aka yi mini.

Daga yau ki dafa daidai cinku. In dole sai an rage, ki baza a faranti mai faɗi ta huce da sauri, cikin awa ɗaya ta shiga firij, a cinye washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har ta yi zafi ciki da waje. Kowane dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje. Baba ya yi haƙuri da dasashinsa. Abin da kike shakka ki zubar, Inna ba za ta tashi ta tambaye ki ba.

Sai shawarata ta yaya, ba ta ma'aikaciyar jinya ba. Ki gyara, ki yi shiru. Zai warke, za ta gani, za ta janye maganar gidan tsofaffi da kanta. In kika ce abincinki ne ya kai ubanta asibiti, ba za ta tsaya jin labarin Inna ba. Mijinki bai koma aiki ba tukuna. Ki ji maganata ko sau ɗaya a rayuwarki.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da kowa. Baba lafiya lau, sati uku kenan ko gyatsa mai tsami bai yi ba. Har ya yi ƙiba, ya sassauta madaurin agogonsa da rami ɗaya. Ni ma garau.

Ran da takardarki ta zo, akwai shinkafa a kula. Na tsaya a kanta na fi minti goma kafin in iya juye ta a shara, fara tas, tana ƙamshi. Ji na yi kamar Inna na bayana. Na karanta wa Baba takardar da ƙarfi, ban da ƙarshenta. Sai ya ɗauko agogo mai ƙararrawa ya kai kicin da kansa, yana bin bango. Yanzu da na sauke tukunya sai ya saita shi. In ya kaɗa, abinci ko ya shiga firij ko ya shiga shara.

Na bi shawararki sati uku, na yi shiru. Ran Larabar nan uwar ɗakina ta zo ta ce ɗakin ya samu tun kafin lokaci, mota za ta zo Asabar. Na ce ai ya warke. Ta ce, "Haka yake yi, ya lafa ya dawo. Ba zan jira a kira ni a ce ya faɗi a banɗaki ba." Ta jawo jakar ta buɗe a tsakar falo, ta ce, "Baba, zaɓi agogo ɗaya." Ya bi agogunan bango da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ban san sanda na shiga kicin na ɗauko kula da littafinsa na dire a gabanta ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, hanjin Baba lafiyarsa ƙalau. Ni ce." Na gaya mata komai, har da nawa aman da na ɓoye. Ta karanta littafin layi-layi, ta kira likitan a gabana ta karanta masa. Da ta kashe wayar ta ce, "Wata nawa kina amai tare da shi, aka sauke ubana a kujera kamar gawa, kika yi shiru?" Gaskiya ta faɗa. Baba ya ɗaga murya ya ce shi ya hana a sa masa abinci a firij, ita kuma ita ta ce a tattala gas, in laifi ne a raba uku. Ta ce, "Na ji, Baba. Amma da ta faɗa tun farko, da likita ya gane a rana ɗaya."

Ta rufe jakar ta mayar bayan ƙofa, wayam. Baba zai zauna a gidansa da agogunansa goma sha bakwai. Ni ce zan tafi. Ta ba ni kwana goma in koya wa wadda za ta karɓe ni, kuma daga yanzu za a riƙa kawo gas a kan kari.

Kada ki yi mini faɗa, na riga na yi wa kaina. Ki gaya wa mijina a hankali. Wata shida ina mafarkin matakalar nan, ina cewa ran da na samu ƙofa da gudu zan sauka. Yanzu an buɗe mini, ga ni ina bin kicin ina manna takardu a bango, ina jin haushin matar da ko ganinta ban yi ba, don ba ta san yana son a tsaya a gefen kunnensa na hagu ba.

Jiya ina haɗa kaya Baba ya ce in bar masa kular. Na ce me zai yi da abin da ya kusa kashe shi. Ya ce murfinta na kamawa da kyau, ƙura ba ta shiga, ya daɗe yana neman inda zai adana ƙananan ƙarafan agogo. Na wanke na shanya na ba shi. Ya ce, "Ki gaya wa yayarki, uwarku ta iya zaɓen kaya. Aikin da aka ba kular ne kawai ba nata ba."

Zan iso ran sha tara, motar yamma. In za ki zo tarye na a tasha, Yaya, ki zo haka nan. Kada ki dafa mini komai tun safe.

Ƙanwarki da ba ta jin magana,
Auta